Waiwaye: Istirojin ɗin da ƙwaƙwalwa ke haɗa wa kanta

Muhawara kan ko maganin istirojin, wato sinadarin mata na jiki, na kare macen da al'ada ta ɗauke mata daga cutar mantuwa ta sake ɗaukar zafi, har wasu na zaton kwanan nan aka fara ta. Alhali tsohuwar magana ce.

A 1929 Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus suka tace istirojin daga fitsarin mata masu ciki. Tun daga nan aka ɗauke shi abin haihuwa, wanda ma'ajiyar ƙwan mace ke zuba wa jini. A 2003 wani babban bincike a Amurka ya gano cewa matan da suka kai shekara 65 kafin su fara shan istirojin haɗe da furojestin (wani maganin sinadarin mata), haɗarin cutar mantuwa ya ninka a kansu. Yawancin masu gardama iya nan suke tsayawa.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 1971. Frederick Naftolin da abokan aikinsa suka gano cewa ƙwaƙwalwar ɗan tayi na ɗauke da aromates, sinadarin da ke juya sinadaran maza su koma istirojin. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta zauna jiran abin da jini zai kawo mata ba, tana haɗa nata. A ɓera abin ya fi fitowa fili. Testostiron, wato sinadarin maza, na jaririn namiji kan shiga ƙwaƙwalwa ya rikiɗe istirojin, wannan kuma shi ke tsara masa halin maza. Ita tamatar, wani furotin a jininta ne ke kama istirojin ya hana shi shiga ƙwaƙwalwa. A 1991 ma an ga cewa a wani ɗan tsuntsu mai waƙa na Ostireliya, yawancin istirojin da ke jinin namijin daga ƙwaƙwalwarsa yake fitowa.

A ganina a nan aka bar jaki ana dukan taiki. Shekaru aka kwashe ana auna istirojin na jini, ana ƙara shi ko rage shi, alhali awon jini ba ya faɗin abin da ke cikin kai. Kuma abin ya shafi marasa lafiya a yau: magungunan sankarar mama irin su letrozole aromates suke toshewa, wasu matan da ke shan su kuwa suna kukan yawan mantuwa.