Hukumar Sufuri ta Jiha da Filayen Mutane a Amurka: Yadda Take Karɓa da Yadda Take Riƙewa

Kowace jiha daga cikin jihohi 50 na Amurka tana da hukumar sufuri tata, kuma ita ce ke shimfiɗa manyan tituna tana kula da su. Da yake ƙasar da titi zai bi galibi tana da mai ita, dokokin jihohi sun ba waɗannan hukumomi ikon sayen fili, da karɓarsa ko mai shi bai so ba, da riƙe shi har lokacin da za a buƙace shi. Mafi yawan misalan da ke ƙasa daga jihar Kalifoniya suke, inda ake kiran hukumar da suna Caltrans.

Daga ina hukumar ta samo ikon karɓar filin da mai shi bai sa a kasuwa ba?

Ikon na jiha ne, majalisar dokokin jihar ce kuma ke damƙa wa hukumar wani ɓangare nasa ta hanyar doka, saboda haka hukumar ba ta da hurumin wuce abin da aka rubuta mata. Kundin tsarin mulkin ƙasar iyaka ya yi wa wannan iko. Gyara na biyar, wanda ya fara aiki a 1791, ya ce ba za a karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a ba sai da diyya ta adalci, kuma a 1897 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sharaɗin ya hau kan jihohi ma, a wata shari'a tsakanin wani kamfanin jirgin ƙasa da birnin Chicago.

Mai karatun da ya saba da Dokar Filaye ta Nijeriya ta 1978, inda ƙasa take a hannun gwamna a matsayin amana kuma ake biyan diyya a kan gini da shuka, zai lura da bambanci: a Amurka ƙasar kanta mallakin mutum ce, don haka kuɗinta ake biya tare da duk abin da ke kanta.

Idan gwamnatin tarayya ce ke zuba kuɗin manyan titunan, me ya sa jiha ce ke karɓar filin?

Saboda titunan na jihohi ne. Dokar 1956 da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu ta tanadi gina tituna masu tsawon mil 41,000 tsakanin jihohi, tarayya tana biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin, amma sayen fili da mallakarsa da kula da titin an bar su a hannun jihohi. Abin da tarayya ta riƙe shi ne bakin jaka: jihar da ke son kuɗinta dole ta bi ƙa'idojinta.

Waɗanne ƙa'idoji ne, kuma yaya ake bi kafin a kai ga kotu?

Babbar ƙa'idar ita ce dokar tarayya ta 1970 a kan sayen filaye da sake tsugunar da mutanen da aiki ya tasa. Ta zo ne bayan ɓarnar da aka yi a shekarun 1950 da 1960, lokacin da aka ratsa unguwannin baƙar fata kamar Rondo a birnin St. Paul da Overtown a Miami da manyan tituna, iyalai suka watse, 'yan haya da yawa suka tashi hannu rabbana.

Dokar ta ce tun kafin a fara ciniki sai hukuma ta aiko da ƙwararren mai kimanta dukiya, kuma mai gida yana da damar zagayawa tare da shi, ya nuna masa sabon rufin da ya sa, ko rijiyar da ke bayan gida, ko ɗakin da ya ƙara wanda ba ya cikin tsofaffin takardu. Wannan zagaye ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da mai kimantawa bai gani ba ba zai shiga lissafi ba. Daga nan hukuma za ta kawo tayi a rubuce, wanda ba zai gaza kuɗin da aka amince da shi a kimantawar ba, tare da bayanin yadda aka kai ga wannan adadi. An hana ta matsa wa mai fili lamba da barazana don ya sa hannu, kuma ba za a ce ya fita ba sai an biya shi ko an ajiye kuɗin a kotu da sunansa. Mafi yawan filaye a wannan mataki ake gamawa da su, ba tare da an ga alƙali ba.

To idan mai fili ya ce ba zai sayar ba fa?

A Kalifoniya, Caltrans ba za ta shigar da ƙara ba sai wata hukuma dabam mai sa ido a kan harkar sufurin jihar ta zauna ta zartar da ƙudurin cewa aikin wajibi ne, an tsara shi yadda zai fi amfanar jama'a kuma ya rage cutar da masu dukiya, wannan fili ana buƙatarsa, kuma an riga an yi wa mai shi tayi. Mai filin yana da damar zuwa zaman ya faɗi ƙorafinsa. Da zarar ƙudurin ya fita, kotu tana ɗaukar maganar buƙata a matsayin an gama, sai fa idan an nuna mummunan wuce gona da iri. Hukumar kuma tana iya ajiye kuɗin da ta kimanta a kotu ta nemi a ba ta izinin shiga filin ta fara aiki, shari'ar kuɗi tana biyowa daga baya.

Gaskiyar magana, da wuya mutum ya hana a yi titi ta hanyar cewa ba don amfanin jama'a ba ne, domin titi shi ne misali na farko da ake bayarwa idan ana maganar amfanin jama'a. Ko hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Kelo a 2005, wanda ya tayar da ƙura har jihohi sama da 40 suka gyara dokokinsu, a kan karɓar gidaje don a ba 'yan kasuwa su raya wuri yake, bai taɓa tituna ba. Inda aka taɓa kayar da hukuma yawanci ta ƙofar dokokin muhalli da wuraren tarihi ne. Dokar tarayya ta 1966 ta hana ratsa wurin shaƙatawa na jama'a da titin da tarayya ke biya matuƙar akwai wata hanya mai yiwuwa, kuma da ita mutanen Memphis suka yi nasara a Kotun Ƙoli a 1971, titi mai lamba 40 bai bi ta wurin shaƙatawarsu na Overton ba har yau.

Abin da mai fili yake da ƙarfi a kai shi ne farashi. A Kalifoniya masu taya alƙali yanke hukunci ne ke tsayar da diyya, a Teksas kuma alƙali yana naɗa masu filaye uku daga yankin su fara saurare su yanke, wanda bai gamsu ba ya koma gaban kotu.

Me ake biya, me kuma ba a biya?

Ma'aunin shi ne kuɗin da filin zai yi a kasuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa waɗanda babu wanda aka tilasta. Idan wani yanki kawai aka yanka, ana duba asarar da ragowar ta yi: gonar da titi ya raba biyu, ko gidan mai da aka toshe wa mashiga. Idan ragowar ta zama ba ta da wani amfani ga mai ita, dole hukuma ta yi tayin sayenta ita ma. Wani lokaci kuma ba mallakar filin take so ba, izinin wucewa da magudanar ruwa ne, ko na ajiye motocin aiki na ɗan lokaci, sai ta biya wannan kaɗai.

Shekarun da mutum ya yi a gida, da maƙwabtan da ya saba da su, ba su da gurbi a lissafin. Asarar masu ciniki da ɗan kasuwa ya tara a wuri ma jihohi da yawa ba sa biya, Kalifoniya tana cikin ƙalilan da dokarsu ta amince da ita. Ɗan haya kuwa ba shi da kuɗin fili, amma yana da kuɗin kwashe kaya, da tallafin bambancin haya na wata 42, da sanarwar kwana 90 a rubuce, kuma ba a tashinsa sai an nuna masa wani muhalli kwatankwacin nasa mai tsafta da aminci.

Hukuma za ta iya sayen fili tun aikin bai zo ba?

Za ta iya. Ƙa'idojin tarayya sun yarda da saye da wuri idan ana shirin yin babban gini a kan hanyar da titi zai bi, wanda zai sa diyya ta ninka, ko kuma idan mai gida ya shiga matsi, misali rashin lafiya ta sa dole ya sayar amma labarin titi ya kori masu saye. Idan da kuɗin tarayya aka saya, ana sa ran a fara ginin cikin shekara 20, in ba haka ba jiha ta mayar da kuɗin, sai dai in an ƙara mata wa'adi.

Jihar Karolina ta Arewa ta gwada wata dabara ta riƙe fili ba tare da ta saya ba. Dokarta ta 1987 ta ba hukumar sufuri damar ajiye taswirar titin da take shirin yi a ofishin rajistar filaye, kuma daga ranar duk wanda filinsa ya faɗa cikin layin ba zai samu izinin gini ko na yanka filin ba sai ya nema ya jira har shekara uku. A gefen birnin Winston-Salem an ajiye taswirar titin zobe a 1997, mutane suka shekara goma sha suna zaune a gidajen da ba mai saye, hukuma kuma ba ta saya ba. A 2016 Kotun Ƙolin jihar ta ce wannan karɓar dukiya ce, dole a biya diyya. An soke dokar a 2019, kuma jihar ta biya ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Me ke faruwa da filin da aka saya, titin kuma bai zo ba?

A nan ne, a ganina, rauni ya fi yawa, domin dokokin karɓa suna da matakai da wa'adi da alƙali, riƙewa kuwa an bar shi kusan gaba ɗaya ga hukumar da aikinta zuba kwalta ne, ba kula da 'yan haya ba. Titi mai lamba 710 a yankin Los Angeles ya isa misali. Tun shekarun 1950 zuwa 1970 jihar ta sayi gidaje da filaye sama da 400 a El Sereno da South Pasadena da Pasadena domin ta cike wani giɓi na kimanin kilomita bakwai. A 1973 kotun tarayya ta dakatar da aikin bayan ƙarar da mutanen South Pasadena da masu kare muhalli suka shigar, aka sake dakatar da shi a 1999, daga baya aka kawo shawarar haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ita ma aka yi watsi da ita a 2017.

Duk tsawon wannan lokaci gidajen sun zame wa Caltrans ƙadangaren bakin tulu: ba ta rushe ba saboda kotu ta hana aikin, ba ta sayar ba saboda a takarda titin yana nan tafe. Ta ba da wasu haya, wasu kuma ta rufe tagoginsu da katako, ciyawa ta cinye farfajiya, rufi yana yoyo, alhali a cikinsu akwai gidajen tarihi da suka haura shekara ɗari. A 2012 ofishin mai binciken kuɗi na jihar ya gano cewa hukumar ta yi asarar sama da dala miliyan 20 cikin shekara huɗu da rabi saboda hayar da take karɓa ta yi ƙasa da ta kasuwa, kuma tana kashe kuɗin gyara fiye da kima. A watan Maris na 2020, daidai lokacin da annobar korona ta sa aka ce kowa ya zauna a gida, wasu iyalai marasa muhalli suka buɗe gidajen da ke rufe a El Sereno suka tare, suna cewa gidan gwamnati bai kamata ya zauna ba kowa ba mutane suna kwana a mota.

Sayarwar ma ba kai tsaye take ba. Wata dokar jihar ta 1979 ta ce a fara yi wa mazauna ciki masu ƙaramin ƙarfi tayi a farashin da za su iya, tare da sharuɗɗa a kan sake sayarwa, kafin a kai ga ƙungiyoyin samar da gidaje da kasuwa. Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba: filin jiha ba ya biyan harajin dukiya, wanda shi ne ƙananan hukumomi da makarantu suka dogara da shi, shi ya sa dokar Kalifoniya ta ware kashi 24 cikin ɗari na irin wannan haya don a ba yankunan da gidajen suke.

Wuraren da ke ƙarƙashin gadojin sama fa, su ma na hukuma ne?

Nata ne, kuma tana ba da su haya ga masu ajiye motoci da kaya. A ranar 11 ga Nuwamba 2023 gobara ta tashi a wani irin wannan fili da ke ƙarƙashin titi mai lamba 10 a tsakiyar Los Angeles, inda aka jibge katakon ɗora kaya, wutar ta ƙona ginshiƙan gadar, aka rufe titin da motoci kusan 300,000 ke bi kowace rana na fiye da mako guda. Bincike ya nuna wanda ya karɓi hayar ya sake ba wasu haya, kuma Caltrans ta riga ta kai shi kotu a kan bashin kuɗin haya kafin gobarar. Bayan haka gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya ba da umarnin a sake duba dukkan wuraren da hukumar ta bayar haya a ƙarƙashin tituna da irin kayan da ake ajiyewa a cikinsu.