Robar tsukewa da zafi

Robar tsukewa wani siririn bututu ne na roba da ake zura wa wayar wuta, in aka kara mata zafi sai ta tsuke ta kama wayar gam kamar dama tare aka ƙera su. Masu gyaran rediyo da talabijin, masu wayarin ɗin mota da babur, masu haɗa sola da masu gyaran salula duk suna aiki da ita wajen rufe inda aka haɗa waya da waya, dan kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe wuta ta tashi, ko ruwa da ƙura su shiga. Bata da tsayayyen suna a Hausa, wasu masu sana'a suna ce mata silib wasu kuma su ce robar nan da ake ƙonawa, duk da dai ba ƙona ta ake ba, gasa ta ake, wanda ya ƙona ta ya ɓata aiki.

Tarihi

Asalin abin daga roba mai suna foliyetilin ya faro, wato irin wadda ake leda da jarka da ita, wadda ma'aikatan kamfanin ICI na Ingila suka ci karo da ita a 1933 ba tare da ita suka fita nema ba. Robar tana tare wutar lantarki sosai amma tana da aibi ɗaya, bata son zafi, da ta ji ya wuce misali sai ta narke ta zube. A farkon shekarun 1950 wani masanin Ingila mai suna Arthur Charlesby da ke aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell ya gano cewa in aka haska wa wannan roba haske mai ƙarfi irin na nukiliya halinta canzawa yake, ta daina narkewa, sai dai tayi laushi kamar danƙo ta tsaya a haka. Ya wallafa sakamakon a 1952.

Wanda ya maida binciken kuɗi kuwa Ba'amurke ne, Paul Cook, an haife shi a 1924, ya karanta injiniyan sinadarai a jami'ar MIT ta Amurka, sannan ya shugabanci sashen binciken haske a cibiyar bincike ta Stanford. A 1957 ya kafa nashi kamfanin a jihar Kalifoniya, wanda aka sani da Raychem, sunan ma daga kalmomin haske da sinadari aka haɗo shi. Abinda suka fara saidawa waya ce mai rufin roba da aka haska, kuma masu ƙera jirgin sama da sojojin Amurka ne suka fara rububinta, saboda a jirgi kowane giram lissafi ne, rufin da yake siriri mara nauyi kuma yana jure zafi ai ba'a barin shi. Daga nan ne bututun mai tsukewa ya fito da sunan kasuwa Thermofit.

Shekarar da aka ƙirƙiro bututun kanta ba'a haɗu a kai ba, wasu rubuce-rubuce sun ce ƙarshen shekarun 1950 wasu sun ce 1962, mai yiwuwa wasu daga gwajin farko suke ƙirgawa wasu kuma daga shigar shi kasuwa. Cook ya karɓi lambar yabo ta fasaha ta ƙasar Amurka a 1988 daga hannun shugaba Ronald Reagan, kamfanin Tyco ya saye Raychem a 1999, yanzu sunan yana ƙarƙashin TE Connectivity, shi kuma Cook ya rasu a ƙarshen 2020 yana da shekara 96. Mafi yawan wadda ke yawo a kasuwanninmu yau dai daga Sin take.

Yadda ake yin ta

Nan ne abin yake da ban sha'awa, dan mutane da yawa sun ɗauka zafi ne ke ƙanƙantar da robar kamar yadda leda ke motsewa a bakin murhu. Ba haka bane. Ƙaramar nan da kake gani bayan an gasa ita ce ainihin girmanta, babbar da ka siyo a shago ita ce ta aro.

A masana'anta ana fara fitar da bututun ne a ƙaramin girman shi. Sai a wuce da shi ƙarƙashin injin da ke harba masa ƙwayoyin lantarki, su kuma su ɗaure zaruruwan da ke cikin robar da junansu, da can suna zube ne kamar taliya a kwano kowanne na iya zamewa, yanzu sun zama raga. Bayan nan a dumama shi yayi laushi, a hura shi da iska ko a zuƙo shi ta waje har ya buɗe ninki biyu ko uku, sai a sanyaya shi da sauri yana a buɗen. Haka zai sandare ya zauna shekara da shekaru a cikin kwali, ragar tana ja tana son komawa amma sanyi ya riƙe ta. Ranar da mai gyara ya kara masa zafi abinda ya riƙe ta ya saki, sai ta koma gida. Wanda ya taɓa ganin makaɗi ya kara ganga kusa da wuta da sanyin safiya dan fatar ta ɗaure zai gane hoton, ko da yake dalilin ba ɗaya bane, ita fata danshi ne ke fita daga jikinta, ita kuwa roba babu abinda ya fita.

Ire-irenta

Ana rubuta yawan tsukewar da lamba, 2:1 ita ce ta ko'ina, ma'ana mai faɗin milimita 6 zata koma 3. Akwai 3:1 da 4:1 har zuwa 6:1 dan wurin da kan abu yake da kauri wayar kuma siririya, kamar bakin caja. Tsawonta ma yana ɗan raguwa amma kaɗan ne, yawanci baya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kaurin jikinta kuma ƙaruwa yake.

Ta yau da kullum daga dangin foliyolefin take, wato dangin su foliyetilin, tana fara tsukewa daga wajen digiri 90 ta gama kafin ko wajen 120, mai kyau daga cikinta kuma tana iya zama a wurin da zafi ya kai 135. Akwai ta PVC mai arha mai sheƙi, ita ce rigar da ke jikin batirin 18650 da ake samu cikin fawa-banki da batirin laftof da fitilu masu caji. Akwai ta Teflon wadda sai zafi ya haura digiri 300 take motsi, ba ta ƙaramin shago bace. Sai mai gam a ciki, in aka gasa ta gam ɗin ya narke ya cike duk wata kafa har ka ga ya ɗan leƙo ta baki, wannan ita ce ta wurin ruwa.

Yadda ake aiki da ita

A yanke ta ta ɗan fi wurin haɗin tsawo ta kowane gefe, a zura ta a wayar tun kafin a haɗa, a tura ta can nesa da inda za'a sa dalma, a like, a bari ya huce, sannan a jawo ta a rufe a gasa daga tsakiya zuwa baki ana jujjuyawa dan kada iska ta maƙale ciki. Kayan aikin da aka yi dominta bindigar iska mai zafi ce, masu gyaran salula suna amfani da injin iskar da suke cire aisi, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kan allon salula, da shi. Amma a aikace laita da ashana da gefen ƙarfen liki sun fi yawa, musamman in an ɗauke wuta.

Kuskuren da ya fi shahara shine mantuwa. Yaron shago zai feƙe waya, ya murɗa, ya zuba dalma tayi kyau tana ƙyalli, ya ɗago kai yana jiran maigida yace madalla, sai ya hango silib ɗin tana kwance kan tebur kusa da almakashi. Babu dabara, sai an warware an sake. Na biyu shine barinta kusa da wurin likin, dalma tana narkewa ne a wajen digiri 183 zuwa 190 kuma tagulla tana jan zafi da sauri, kafin ka ankara robar ta tsuke a inda ba'a aike ta ba, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Daɗin da ke cikinta

Abu ne sananne tsakanin masu wannan sana'a a ƙasashe da dama cewa gasa robar yana da wani daɗi da ya fi ƙarfin amfaninta, har bidiyon tsukewarta kawai ake ɗorawa a YouTube da TikTok mutane na kallo. Aikin lantarki yawanci baya ganuwa, wuta bata da launi, zaka yini kana bin layi da mitar awon wuta baka ga komai ya motsa ba. Ita kuwa wannan a gaban idonka take yi cikin daƙiƙa uku ko huɗu, da farko shiru kamar bata ji ba, sai gefe ɗaya ya ɗan lotsa, sai tsukewar ta bi jikin wayar tana tafiya kamar mai rai, har siffar murɗin da ke ciki ta fito ta bayan robar, rubutun da ke jikinta ya ƙanƙance. Mummunan haɗi ya shige ciki, abinda ya rage sumul kamar daga kamfani. Shi yasa zaka ga babban mutum da furfura ya gama aiki ya ɗauki guntun da ya rage ya gasa shi a banza ba waya a ciki, wai yana gwada ingancinta.

Wani ɓangare na daɗin kuma sau ɗaya ne, in ta tsuke shikenan sai dai reza.

A Katsina da Daura

Yawanci ta Kano take shigowa, daga Sabon Gari da kasuwar salula ta Farm Centre, wasu kuma daga Alaba a Legas, ana saida ta a mita ko cikin ƙaramin akwati mai launi-launi. Baƙin salatif har yanzu shi ya fi yawa saboda arha, amma zafin Afrilu da Mayu da ke kai digiri 40 yana narkar da gam ɗin shi ya warware yayi danƙo, ƙurar hunturu ta zo ta manne. Yaɗuwar sola ta ƙara mata kasuwa, ja a fositif baƙa a negetif. Masu saka famfon burtsatse suna amfani da mai gam wajen haɗa kebul ɗin da zai zauna cikin ruwa, dan in haɗin nan ya sha ruwa sai an zaro famfo da bututun shi duka daga ƙasa.

Saɓani

Masu bindigar iska suna cewa laita tana barin baƙin hayaƙi kuma tana gasa gefe ɗaya ta bar ɗaya, masu laita suna cewa hannu ne, in ka riƙe ta nesa kana juyawa babu bambanci. Akwai kuma masu ganin robar tana rufa wa mugun aiki asiri, tunda in ba mai nuna abinda ke ciki bace ba'a ganin ko dalmar ta kama. Akwai wata 'yar uwarta da ke tsukewa ba tare da zafi ba, ana zare wani murɗaɗɗen bututu da ya riƙe ta a buɗe ne daga cikinta, kamfanin 3M ake dangantawa da ita tun wajen ƙarshen shekarun 1960, a manyan kebul ake amfani da ita.