Ruwan cikin waya ba ya tsirar da gero

A kasuwar Gujungu wani dattijo da na daɗe ina kai wa ziyara gona ya riƙo hannuna, ya miƙo mini wayar jikansa. "Malam, saurari wannan." Muryar wani mutum ce a WhatsApp, ba suna ba gari, yana rantsuwa cewa hukuma ta ce damina ta sauka da wuri, kowa ya yi shuka da ruwan farko. Na ce, "Baba, kun shuka?" Ya ce tiya huɗu ta gero, irin da ya ɓoye tun kaka. Bayan wannan ruwa sai da aka yi kusan mako uku ko ɗigo babu. Tsiro ya leƙo, rana ta ƙone shi.

Aikina malamin gona ne, kuma a 'yan shekarun nan rabin tambayoyin da ake yi mini daga waya suke fitowa. Maganar sauyin yanayi ta cika Facebook da TikTok, kowa da irin nasa karatun. Wani ya ce ƙaryar Turawa ce, so suke su hana mu cin moriyar man fetur. Wani ya ce ruwa na Allah ne, duk mai maganar hasashe yana shiga hurumin da ba nasa ba. Akwai kuma waɗanda ko tunkiya ce ta yi ɓari, sauyin yanayi ne.

Masu cewa ƙarya ce ba na musu da su da lissafi tukuna. Cewa nake su tambayi iyayensu: yaushe ake samun ruwan shuka a da, yaushe ake samu yanzu? Ina kukokin da dorawar da ke bayan gari? Tsofaffin Gumel da Maigatari sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, ba a waya ba, kuma su ne za su faɗa maka cewa damina ta daina riƙe alkawari. Abin da masana suka ƙara shi ne dalili. Hayaƙin fetur da gas da kwal yana taruwa a sama kamar bargo, yana hana zafin ƙasa fita. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, kuma 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubuta awo. Iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, sai ta riƙe shi ta sake shi lokaci guda. Shi ya sa za ka ga ruwan wata guda ya zuba a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki sama fes. Gaskiya ne Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba, don haka mai jin haushin manyan ƙasashe yana da hujja. Amma haushin ba ya mayar da irin da ya ƙone.

Maganar addini kuwa na fi yin ta a tsanake, don masu yin ta mutanen kirki ne. Ruwa na Allah ne, ba mai ja. To amma a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka san shekarun fari na tafe, cewa aka yi a noma shekara bakwai a bar hatsi a zangarniyarsa. Shiri aka yi. Kuma manomin da ya dubi hadarin gabas ya ce wa yara su kwashe shanya, ba wanda ya ce ya yi duba. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ɗan'uwan wannan ne, sai dai su da na'ura suke kallo. Suna dacewa, wani lokaci suna kuskure, kuma su kansu ba su ce wahayi ba ne.

Inda na fi damuwa shi ne bidiyo. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, nan da nan raɗe-raɗi ya bazu cewa madatsar Tiga ta jihar Kano, wadda ruwanta ke gangarawa kogin Haɗeja, ita ma ta kusa fashewa. Mutanen da ke bakin kogin Haɗeja sun kwana ido biyu, kuma ban ga laifinsu ba: wanda ya ga 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, ba ya wasa da labarin ruwa. Illar ita ce idan aka firgita mutum sau uku a banza, ran da gargaɗin gaskiya ya zo sai ya juya ya ci gaba da barcinsa. Tsohon bidiyon wata ƙasa ma ana ɗora masa muryar Hausa a ce jiya ne a Ringim.

Sannan ba kowace ambaliya ce za a ɗora wa sama ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa. Ruwan da bai samu hanya ba gona zai shiga, ko a Auyo ko a Guri. A cikin gari kuma mu ne muke gini a kan hanyar ruwa, mu cika kwata da leda. Wannan ba sai an jira taron ƙasashen duniya ba, aikin gayya ne kafin marka.

To, in saƙo ya shigo wayarka, kafin ka tura, duba abu uku: wa ya faɗa, yaushe, kuma wane gari ake nufi. Wannan na ƙarshen shi ne ya ci Baba. Hasashen da ya dace da kudancin Kano, wajen Doguwa, ba zai dace da Babura ba. Damina tana riga sauka a can da makonni. In ka ga alamar kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, ma'anarta ya bi hannaye da yawa, mai turo maka ma bai san tushensa ba. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da tsawon damina na kowane yanki. Mu malaman gona na JARDA da KNARDA, hukumomin raya aikin gona na Jigawa da Kano, muna iya karanta maka na ƙaramar hukumarka, gidajen rediyo ma suna faɗa da Hausa.

Ko an karanta maka, je ka gona da fartanya ka tona. In danshi bai kai tsawon tafin hannunka ba, wannan ba ruwan shuka ba ne, komai daɗin ƙamshin ƙasa. Mai yin binne kada ya zuba irinsa duka, ya rage na sake shuka. A arewacin Jigawa, inda damina gajeriya ce, gero mai saurin nuna irin SOSAT ya fi rufa asiri. In kana sassabe ka ga tohon gawo, bar shi: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ga taki kyauta.

Baba dai ya sayi SOSAT tiya biyu a ranar, ya jira ruwa na gaba ya ratsa ƙasa sannan ya sake shuka. Jikan kuma ya karɓi lambata. Yanzu duk muryar da ta shigo masa a kan damina, ni yake fara turo wa, wani lokaci ƙarfe goma sha ɗaya na dare.