Wanda ya tsinci tsohon ƙashi ko haƙori: abin da doka ta ɗora masa da abin da ba ta ɗora masa ba

Duk shekara idan ruwan Kogin Kaduna ya ja baya, masu haƙar yashi suka koma bakin aiki, ba a rasa wanda shebur ɗinsa zai ci karo da baƙin haƙori mai nauyi, ko guntun ƙashin da ya fi na bijimi kauri. Haka abin yake ga masu haƙar rijiya da masu tonon harsashin gini da masu neman ma'adinai a kudancin jihar Kaduna. A da, irin wannan tsintuwa a aljihu take ƙarewa, amma yanzu kafin la'asar hotonta ya shiga WhatsApp, kuma maganganu biyu ne suke bin hoton. Wasu su ce duk wanda aka kama da irin wannan abu ɗaurin shekara 3 ne a kansa, har gonar da aka tono shi ma gwamnati za ta ƙwace. Wasu kuma su ce haƙorin dainoso ne, wato irin manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, Turawa na sayensa miliyoyin naira, a ɓoye shi a nemi dillali. Maganar farko tana sa mutum ya mayar da abin cikin ruwa saboda tsoro, ta biyu kuma tana jefa shi cikin ainihin laifin da doka ta fi tsananta wa.

Dokar da ake magana a kanta ita ce wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM. An yi ta a 1979 a matsayin dokar soja mai lamba 77, ta maye gurbin dokokin 1953 da 1974, kuma tana nan a cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta shafi kowa, manomi da lebura da ɗan kwangila da malamin jami'a da baƙon da ya zo daga waje.

Babu inda wannan doka ta ce tsintuwa laifi ce. Abin da ta hana a sashe na 19 shi ne mutum ya shiga tono da niyyar neman kayan tarihi ba tare da takardar izinin hukumar da amincewar gwamnatin jihar ba. Wanda yake aikinsa na halal ya ci karo da abu, hukuncinsa yana sashe na 20, kuma abu ɗaya aka nema daga gare shi: ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumar da abin ya faru a cikinta, cikin kwana 7, tare da bayanin wurin da yadda aka yi ya gani. Wanda ya ƙi yin haka da gangan shi ne zai fuskanci tarar naira 500 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ɗaurin shekara 3 ɗin da ake tsorata mutane da shi yana sashe na 21 ne, kuma na ciniki ne. Ba a yarda kowa ya sayi kayan tarihi ba sai wakilin da aka ba izini a rubuce, ba a kuma yarda a sayar wa kowa ba sai shi. Wanda ya saɓa, tararsa naira 2,000 ce ko ninki 5 na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko kuma ɗaurin shekara 3, sannan kotu ta ƙwace abin. Ke nan mai ba da shawarar a nemi dillali shi ne yake nuna wa mutum hanyar gidan yari.

Sai dai akwai wata jimla a sashen fassarar kalmomi wadda daga gare ta ne ruɗanin yake tasowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Da dokar ta zo lissafa abubuwan da dole a sanar da su, ta ambaci ragowar jikin ɗan Adam na zamanin da, sannan ta ce da ragowar dabbobin da aka samu tare da ɗan Adam. Ba ta ce ragowar kowace dabba ba. Dalilin a fili yake idan aka dubi waɗanda suka share fagen dokar, domin hankalinsu yana kan tarihin mutane ne, irin mutum-mutumin yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a yankin da yake ƙaramar hukumar Jaba a yau, waɗanda Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya gane muhimmancinsu a shekarun 1940. Dabbar da ta rayu ta mutu tun kafin a sami mutum a doron ƙasa ba ta shiga lissafinsu ba.

Irin waɗannan dabbobi kuwa akwai su a Arewa. Yankin Sakkwato ya taɓa zama ƙarƙashin wani teku marar zurfi da ya ratsa inda Sahara take a yanzu, kuma a duwatsun wajajen Goronyo da Wurno da Dange an sami haƙoran kifin shak da ƙasusuwan kunkuru da na wasu dangin kada. A can ne aka tono wata babbar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, wadda ta rayu sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, aka fara bayaninta a 1930, daga baya a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. A Jamhuriyar Nijar, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, aka sami dainoso na ainihi irin su Nigersaurus mai haƙora sama da 500. A zahirin lafazin dokar 1979, haƙorin Goronyosaurus ba ya cikin abin da ta lissafa, tunda ba a same shi tare da mutum ba. Wannan giɓi ne, kuma a ganina giɓi ne mai muni, domin ya bar dukiyar ilimi mafi tsufa a ƙasar nan ba tare da kariya bayyananniya ba. Amma kada wani ya ɗauke shi a matsayin izinin tono da sayarwa, saboda irin waɗannan ƙasusuwa a cikin shimfiɗar farar ƙasa da fosfet (ma'adinin da ake yin takin zamani da shi) suke, tsarin mulki kuma ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar ma'adinai ta 2007 ta kuma hana haƙarsu ba tare da lasisi ba.

Ga mutumin Kaduna kuwa, wannan giɓi ba zai cika yi masa amfani ba, saboda yanayin ƙasar da yake takawa. Mafi yawan jihar tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin falalen Kufena da na Kajuru da wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, kuma irin wannan dutse ba ya ajiye ƙashi. Abin da yake fitowa daga yashin kogi ko ramin rijiya a nan, galibi na saniya ne ko jaki ko dorina ko kada ko giwa, wanda shekarunsa za su iya zama goma-goma, ko ɗaruruwa, ko dubbai. Wato duk cikin zamanin da mutane suke zaune a wannan ƙasa ne, kuma a nan ne jimlar nan ta "tare da ɗan Adam" take aiki. Ba sai an ga ƙwarangwal a gefe ba kafin wuri ya zama na tarihi, domin dokar ta lissafa tsohon kufai da tsohon juji da wurin sana'ar mutanen da da kayan aikinsu na dutse. Idan kusa da haƙorin akwai katangar tukunya, ko gawayi, ko kashin maƙera, ko dutsen niƙa, ko abin da muke kira gatarin aradu, to wajibcin sanarwa ya hau kan wanda ya gani.

Mutum zai iya yin ɗan nazarin kansa kafin ya kai ga masana. Ƙashin da ya daɗe har ma'adinan ƙasa suka cike ƙofofinsa yakan yi nauyin da ya wuce girmansa, idan aka ƙwanƙwasa shi a hankali sai ya yi ƙara irin ta dutse, sabon ƙashi kuwa sakayau yake. Baƙin launi kaɗai ba shaida ba ne, domin laka da ruwan kogi suna rina ƙashin saniya ya yi baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci. Saman matauni ya fi komai faɗin gaskiya. Na saniya da dangin barewa yana da lanƙwasa-lanƙwasa masu siffar jinjirin wata. Na doki da jaki dogo ne mai kusurwa huɗu, da zane mai sarƙaƙiya a samansa. Na dorina idan ya cinye yakan fitar da zane mai kunnuwa uku-uku, na giwa kuma babba ne da zai cika hannu biyu, an jera shi falle-falle, kowane falle da zane mai faɗi a tsakiya da tsini a gefuna. Haƙorin kada zagayayye ne mai tsini. Wannan duka yana nuna wace dabba ce, amma ba ya nuna shekarunta, kuma abin da wasu suke yi na ƙona gefen ƙashi ko kankare shi ko wanke shi da omo don su gwada tsufansa, ɓata shi kawai yake yi, har ya hana a iya auna shekarunsa a ɗakin bincike.

Dokar da kanta ta san cewa mai tsintuwa ba zai iya yanke wannan hukunci ba, shi ya sa ta buɗe wata ƙofa da mutane kaɗan suka sani. Duk wanda yake shakkar ko abin da ke hannunsa kayan tarihi ne, yana iya kai shi, ko hotonsa, ga shugaban hukumar ko wanda ya wakilta. Idan aka duba aka ga ba kayan tarihi ba ne, ana iya ba shi takardar da take tabbatar da haka, kuma wannan takarda hujja ce yankakkiya. A Kaduna ba sai an je Abuja ba, domin gidan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu tun 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da sashen nazarin duwatsu, hukumar binciken ƙasa ta tarayya kuma tana da ɗakunan gwajinta a cikin garin Kaduna.

Batun ƙwace gona shi ne ya fi tayar wa manoma hankali, kuma ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba, tunda dokar ta sanya filin da aka sami abin a cikin ma'anar kayan tarihi. Amma ayyana wuri a matsayin wurin tarihi na ƙasa aiki ne mai matakai, ana buga sanarwa, ana ba mai wurin damar kawo ƙorafi, kuma yana da haƙƙin diyya. Wuraren da aka yi wa haka kaɗan ne a duk faɗin Najeriya, irin su dutsen Kufena da gadar Lugard da ke cikin Kaduna. Haƙori ɗaya a cikin yashi bai kai wannan matsayi ba. Haka kuma abin da ke hannun mutum wanda bai shiga ciniki ba, idan wakilin hukuma ya nemi a yi masa rajista aka ƙi, ɗan sanda yana iya karɓe shi, amma mallakarsa ba ta komawa ga gwamnati sai da umarnin majistare.

Inda nake ganin dokar ta gaza shi ne wajen adalci ga mai gaskiya. Ta ɗora wa lebura nauyin barin aikin yininsa ya biya kuɗin mota ya kai rahoto wurare biyu, amma ba ta yanka masa tukuici ba, alhali dillali yana zuwa har bakin rami da kuɗi a hannu. Tarar naira 500 kuma, wadda a 1979 kuɗi ce mai nauyi, a yau ba ta tsorata ɗan kwangilar da zai gwammace ya binne abin ya ci gaba da zuba kankare. Jirgin ruwan Dufuna na jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000, wanda ya fi kowane jirgi da aka sani a Afirka tsufa, makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, kuma da ya yi shiru da babu wanda ya san da shi. Doka mai son a maimaita irin wannan ya kamata ta rubuta ladan mai sanarwa kamar yadda ta rubuta hukuncin mai ɓoyewa.

Akwai abubuwa biyu da ba wannan doka kaɗai ce ta shafe su ba, kuma haɗarinsu ya fi girma. Idan abin hauren giwa ne ko fiƙar dorina, ya shiga ƙarƙashin dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka tsananta tararta a 2016, da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin irin waɗannan dabbobi, wadda Najeriya take ciki. Ana gane hauren giwa idan ya karye, domin a fuskar karayar akwai siraran layuka masu gittar juna. Cewa a kogi aka tsince shi ba zai wanke wanda jami'an kwastan suka kama yana ƙoƙarin fita da shi ba, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan 2.5 na hauren giwa da aka kama, a Abuja. Idan kuma akwai alamar ƙashin mutum ne, kada a ɗaga shi daga inda yake, a sanar da mai unguwa ko dagaci da 'yan sanda nan take, su ne za su tantance ko tsohuwar maƙabarta ce ko abin bincike.

A sauran lokuta, abin da ake buƙata daga mai tsintuwa shi ne ya dakatar da tono a daidai wurin, ya ɗauki hoton abin yana kwance a inda yake da biro ko kwalin ashana a gefe don a ga girmansa, ya ƙiyasta zurfin ramin, ya kuma lura da abin da ke kewaye da shi. Idan ruwa ko tifa za su tafi da shi, ya naɗe shi a takarda da ƙasar da ke jikinsa. Takardar sanarwar ba ta buƙatar lauya, sunan ƙauye da ranar da aka gani da aikin da ake yi sun isa. Ya rubuta kwafi uku, ɗaya ga gidan tarihi, ɗaya ga sakataren ƙaramar hukuma, na ukun kuma ya sa a buga masa hatimi da kwanan wata ya riƙe, domin ita ce shaidarsa cewa ya cika sharaɗin kwana 7.