Ciwon da ke shigowa ta waya

Wata yarinya 'yar shekara 19 ta zo ɗakin shan maganin da nake aiki sau uku cikin wata guda. Kanta na sarawa, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga. Mun yi gwajin maleriya da na taifot, babu komai. A zuwa na uku ne na lura duk sanda wayarta ta yi ƙara sai ta zabura, ta kife ta a cinya. Na ce wa gwaggonta ta ɗan jira a waje, sannan na ce, "'Yata, wa ke nemanki haka?" Sai kuka.

Wani ne suka haɗu a X, wanda har yau bakinmu ya fi sabawa da ce masa Twitter. Hira ta yi daɗi, ta tura masa hotunan da ba na idon jama'a ba. Yanzu ya ce ko ta turo naira dubu 50, ko ya sake su, ya kuma jawo hankalin yayanta a kai. Ta riga ta sayar da 'yan kunnenta ta ba shi dubu 20, bai kuwa bari ba.

Wannan sana'a ce, ba tsautsayi ba. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda irin wannan damfarar, kuma maza ma suna faɗawa sosai. Shuɗiyar alamar nan ta tantance shafi da ke gefen suna a X kada ta ruɗe ki, tun ƙarshen 2022 da kuɗi ake sayenta.

Idan abin ya same ki, kada ki biya ko sisi. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya zai dawo. Kada kuma kunya ta sa ki goge hirar. Ki ɗauki sikirinshot na saƙonnin, da sunan shafinsa, da lambar asusun bankin da ya turo, sannan ki kai ƙararsa a manhajar ki toshe shi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta yi wa mutum barazanar zubar da mutunci don a tatsi kuɗinsa, kuma 'yan sanda suna da cibiya ta musamman kan haka a Abuja. Ki sauya kalmar sirri. Lambar tabbatar da shiga shafi da ake turowa ta tes kuwa, ko wa ya tambaya kada ki karanta masa.

Iyaye, ku ne na fi ji. Jarin mutumin nan gaba ɗaya shi ne tsoron da yarinya ke yi muku. In kuka tare ta da duka da gori, kun taya shi aiki. In kuma kuka ji ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kada ku ce shagwaɓa ce, ku kawo ta asibiti a ranar.

Ita dai waccan, da yardarta na kira gwaggon muka zauna mu uku. Matar ta yi shiru can, ta ja numfashi, ta ce, "Miƙo wayar mu gani."