Bayan rasuwar miji ko mata: tambayoyin da ke hana barci

Shin baƙin ciki yana da matakan da yake bi?

Ana yawan ambaton guda biyar: ƙin yarda, fushi, roƙon a sassauta, ƙunci, sannan rungumar ƙaddara. Likita Elisabeth Kübler-Ross ce ta fito da su a 1969, amma daga hirarta da majinyatan da ke gab da mutuwa ta samo su, ba daga waɗanda aka mutu aka bari ba. Mutum yana iya wayar gari cikin natsuwa, da yamma ya ga takalmin matarsa a bakin ƙofa, hawaye su ɓalle masa. Wannan ba koma baya ba ne.

Me ya sa ƙananan abubuwa suka fi sosa rai?

Domin a cikinsu zaman aure yake. Wa zai kashe fitila, wa za a tasa idan an ji motsi da dare, wa za a ba labarin abin da ya faru a wurin aiki. Sai hannu ya kai ga waya kafin a tuna babu mai ɗauka. A 1967 likitocin ƙwaƙwalwa Thomas Holmes da Richard Rahe sun jera abubuwan da ke girgiza rayuwa, suka ba mutuwar miji ko mata maki 100, mafi girma, mutuwar aure kuma 73.

Idan na yi dariya, na ci amanar mamacin ke nan?

A'a. Masu bincike Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan sun bayyana a 1999 cewa mai jimami yana kai-komo ne tsakanin kewa da hidimar yau da kullum, kuma yana bukatar duka biyun. Zuciya ma tana neman hutu.

Sai na manta zan warke?

Wannan ce shawarar da ta fi damuna, domin masu cewa "ka cire ta a ranka" da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma nauyi suke ƙara wa mutum. Annabi Muhammad (SAW) ya ci gaba da ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, yana aika wa ƙawayenta kyauta, alhali ya yi wasu aure kuma yana jagorantar al'umma. Haƙuri bai hana kewa ba. Ƙauna tana nan, sai dai wanda ake yi wa ita ba ya amsawa, kuma koyon zama da hakan shi ne aikin da ke ɗaukar lokaci.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da doguwar jimami a matsayin lalura: idan an haura wata shida kewar ba ta sassauta ba, har ta hana aiki, barci ko shiga mutane. Wanda ya fara tunanin halaka kansa kuwa, kada ya jira ko kwana ɗaya, ya faɗa wa wani na kusa, a kai shi asibiti.