Me ake nufi da kamanceceniyar lafiya tsakanin ma'aurata?

Kamanceceniyar lafiya tsakanin ma'aurata suna ne da masana halayyar ɗan Adam da likitoci suka laƙaba wa wani abu da suka daɗe suna cin karo da shi a alƙalumansu: mata da miji, ko da ba auren zumunci suka yi ba, lafiyarsu da yadda suke riƙe jikinsu sukan karkata wuri guda. Matar da mijinta ke da hawan jini ta fi kusa da samunsa a kan wadda mijinta ba shi da shi. Haka abin yake a ciwon suga, da ƙiba, da shan taba, da motsa jiki. Babu ɗaya a cikinsu da ake ɗauka ta numfashi ko ta shimfiɗa. Ɗabi'a ce ke ratsawa daga wannan zuwa wancan. Hausawa sun riga sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da masanan suka ƙara shi ne awo.

Tun a 1858 wani likita ɗan Ingila, William Farr, ya bi rajistar mace-mace ta ƙasar Faransa, ya ga masu aure sun fi marasa aure da waɗanda aka mutu aka bari tsawon rai. Waɗanda suka biyo bayansa sai suka koma neman ta inda abin yake shiga. A garin Framingham na Amurka an shekara fiye da 30 ana bin lafiyar mutum sama da 12,000, kuma da Nicholas Christakis da James Fowler suka tace bayanan a 2007, sai suka ga in ɗaya cikin ma'aurata ya yi ƙiba mai yawa, haɗarin ɗayan ya bi sahu yana ƙaruwa da kashi 37 cikin 100. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka haɗa bayanan ma'aurata fiye da 75,000, suka tarar cewa wanda abokin zamansa ke da ciwon suga, haɗarin nasa ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. A lura, ƙarin haɗari ake nufi, ba a ce duk matar mai ciwon suga sai ta kamu ba.

Hanya uku masanan suke kawowa. Ta farko ba ta buƙatar dogon bayani: tun wajen neman aure mutum yakan ɗauko mai kama da shi a ilimi, da hali, da irin abincin da aka tashi da shi, saboda haka wani kason kamannin ya girmi auren.

Ta biyu ita ce tukunya. A ɗauki gida ɗaya a unguwar Agege ta Legas. Maigida yana sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, cunkoson hanya ba ya barinsa ya iso sai wajen goma na dare, yana shigowa da burodin Agege da lemon kwalba a leda. Uwargida ta jira shi, sai ya dawo za su ci tare, su kwanta da tuwo a ciki. Miyar ɗaya ce: yawan dunƙulen magin da aka murtsuka, da gishiri, da manja, kowa cikinsu zai sha rabonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma gishirin da ke cikin magi yana cikin wannan lissafi. In gidan ya zarce, su biyun suka zarce, shekara da shekaru. Ranar da aka auna maigida aka ce jininsa ya hau, babu mamaki na uwargida ma yana hanya, sai dai ita ba wanda ya ɗaura mata abin awo.

Ta uku ce masana halayya suka fi tsayawa a kai, wato sa ido. Shi ne duk abin da ɗaya yake yi don ɗayan ya kula da kansa: tuna masa magani, rage gishiri a miya, matsa masa ya je asibiti, hana shi taba a ɗaki. "Baban Amina, ka sha na safe kuwa?" Wannan 'yar tambayar ita ce abin da ake nazari. Debra Umberson, masaniyar zamantakewa a Jami'ar Texas, ta nuna a 1992 cewa mata ne suka fi ɗaukar wannan aiki, kuma magidanta in aka tambaye su wa ke sa ido a kan lafiyarsu, matansu suka fi ambata. Wannan na cikin dalilan da ake ganin aure ya fi ƙara wa namiji lafiya a kan mace.

Sai dai sa ido iri biyu ne, kuma a nan gidaje da yawa suke yin tuntuɓe. Akwai na lallami da yabo da taimako, akwai na mita da gori da tsoratarwa. "Kai dai ba ka jin magana, sai ka yanke jiki ka faɗi a kasuwa tukuna." Mai faɗin haka tsoro ne ya sa ta, ba ƙiyayya ba, amma binciken da aka yi ta yi a kan wannan ya nuna irin wannan matsin yakan haifar da ɓacin rai da ɓoyo fiye da gyara. Maigida zai taɓa miyar da aka rage wa gishiri ya ce ya ƙoshi, ya fita shan iska, ya ƙare a wurin mai tsire. Taba ta koma bayan masallaci, a tauna goro a shigo gida. Haka namijin da ke yi wa matarsa gorin ƙiba bayan haihuwa uku, alhali shi ne ke shigo da lemon kwalbar, kuma in ta ce za ta riƙa takawa da yamma ya ce ina za ki. Ni dai ban ga abin da gorinsa zai rage ba ban da fara'ar gidan.

Abin da ya fi ƙarfi a duk wannan fanni shi ne wanda Sarah Jackson da Andrew Steptoe da Jane Wardle suka fitar daga Landan a 2015, bayan bin ma'aurata 3,722 masu shekara 50 zuwa sama. A cikin maza masu shan taba, waɗanda matansu suka daina, kashi 48 cikin 100 su ma sun daina. Waɗanda matansu suka ci gaba da sha, kashi 8 kacal. A motsa jiki, kashi 67 na mazan da matansu suka fara su ma sun fara, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 26. Alƙaluman mata ba su yi nisa da waɗannan ba. Wani abin lura kuma, abokin zaman da ya canja hali a lokacin ya fi jan ɗan'uwansa a kan wanda dama can lafiya lau yake tafiyar da kansa. Wato mutum ya fi bin wanda ya ga yana fama tare da shi. In likita ya hana maigida shayi mai suga, uwargidar da ta rage nata sugan ta fi wadda ta ɓoye gwangwanin taimaka masa.

Zaman kansa ma yana taɓa jiki kai tsaye. A Jami'ar Jihar Ohio, Janice Kiecolt-Glaser da Ronald Glaser sun yi wa ma'aurata 42 ƙananan raunuka a hannu, suka sa su tattauna abin da ke haɗa su faɗa. Sakamakon da suka fitar a 2005 ya nuna masu yawan yi wa juna zafin baki, saurin warkewar raunukansu kashi 60 ne kawai cikin 100 na sauran.

Waɗannan alƙaluma daga Amurka da Ingila da Kanada aka fitar da su, inda mace ɗaya ake aure kuma akasari gida ɗaya ake kwana. Zaman Bahaushe a Legas yana da nasa fasali. Je ka mayankar Oko-Oba, ko wajen direbobin manyan motoci a Apapa, za ka tarar da magidanta da yawa da iyalinsu ke Sakkwato ko Katsina ko Haɗeja, sai Sallah ko damina ake ganin juna. Irin wannan yana da aure, amma tukunyarsa ta mai shayi ce: indomi da ƙwai da madarar gwangwani safe da dare. In kai ya sara masa, kemis zai shiga ya sayi na ciwon kai, babu mai cewa a je a auna jini. Abin da ya rage masa na sa idon matarsa sai ta waya, shi ma in ya ga dama ya faɗa mata gaskiyar abin da likita ya ce. Da yawa ba sa faɗa, wai kada hankalinta ya tashi.

Mai mata biyu kuma tukunya biyu yake ci. In an gaya wa uwargida ta rage gishiri da mai, amarya ba ta ji ba, ranar girkinta za ta cika miya da ɗanɗano, kuma maigida zai yaba, uwargida ta ga ita aka bari da miyar lami. Kwana kaɗan za ta koma yadda ta saba. Shi ya sa ranar komawa asibiti, ko a babban asibitin koyarwa na Idi-Araba ne ko a ƙaramin asibitin unguwa, ya fi kyau masu girkin su ji umarnin daga bakin likita, a auna su su ma tun da an zo.